Kifin Baba da Ruwan Randa

Ranar wata Lahadi ce da la'asar, mako biyu bayan an gama ɗaurin gero, a shekarar da nake aji huɗu a lekol. Ina tsugune gaban murhun banda ina juya karfasar da Inna ta saro a bakin tabki, hayaƙi ya cika mini ido, sai na ji sallamar Kawu Iliya, ƙanen Inna, direban babbar mota mai bin hanyar Kano. Ya shigo rungume da kwali yana taku a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya wuce rumfar da Baba yake kwance. Daga cikin kwalin ya fito da wani ɗan akwatin gilashi da bai fi tukunyar miya girma ba, da ƙullin fararen tsakuwoyi, da wata ciyawar roba, da ƙaramin gwangwani. A ƙarshe ya ɗago wata leda ɗaure da ruwa. A cikinta akwai kifi guda ɗaya tal, bai kai tsawon ɗan yatsana ba, ja jawur da ratsin shuɗi, jelarsa da fikafikansa sun ninka jikinsa girma, suna binsa a ruwa kamar babbar riga.

Gidanmu a Madarumfa gidan masunta ne kaka da kakanni. Na buɗe ido na tarar da koma, ragar kamun kifi, a shanye kan danga, da ƙugiyoyi jere a jikin gora, da ƙarnin kifi wanda ko ranar Sallah ba ya barin tufafinmu. Kafin in iya ƙirga goma na san karfasa da tarwaɗa da kurungu, na san wanda ake banda da wanda ake soyawa. Amma kifin da ba a ci, wannan ban taɓa jin labarinsa ba. Inna ta leƙo, ta riƙe haɓa ta ce, "Iliya, wanga ko miyar mutum guda ba shi yi. Mi za mu yi da shi?" Kawu ya yi dariya ya ce, "Ba na ci ba ne, Yaya, na kallo ne. Tunda maigidan bai iya zuwa tabki, ga tabki na kawo mashi gida."

Wata biyu kafin wannan rana Baba ya faɗi a cikin kwale-kwalensa yana jan koma. Abokan sana'arsa suka kawo shi a amalanke, a asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Hannu ya mutu, ƙafa ta mutu, magana ta tafi. Mutumin da in ya yi kira daga tsakiyar tabki ana jinsa a lambunan gaɓa, abin da ya rage masa wani gurnani ne daga maƙogwaro, sai hannun hagu da yake buga tabarma da shi in yana son wani abu. Babbar matsalar kuwa abinci. Baba bai taɓa kai loma baki da hagu ba, kuma ya ƙi ya fara. In Inna ta zo da ludayi za ta ba shi a baki kamar jinjiri, sai ya datse haƙora ya juya fuska ga zana. Kunun gyaɗa, fura, romon kifi, duk sai dai su huce a mayar. Majo, babban malamin asibitinmu, ya gaya wa Inna a gabana cewa magani ba ya aiki a cikin da babu abinci, in aka ci gaba a haka ba zai ga damina ba. Shekarata tara, amma na gane abin da yake nufi.

Kawu ya zuba tsakuwoyin, ya kafa ciyawar, ya cika akwatin da ruwan bokitin da ya wuni a rana a tsakar gida, don shi ne kusa da hannunsa, sannan ya saki kifin. Kifin ya tsaya cak na ɗan lokaci, ya baje jela ya zaga, ya taso sama ya shaƙi iska ya koma. Sai muka ga Baba ya juyo. Ya yunƙura har Kawu ya sa masa matashi, ya kafe akwatin da ido ko ƙiftawa ba ya yi. Inna ba ta wasa da dama. Ta zame ta ɗauko kunu, ta zauna ta gefen da ba ya kallo, ta kai ludayi bakinsa, sai ga shi ya haɗiye bai ma san ya yi ba. Ranar ya sha rabin kwano. Da Kawu zai tafi ya maimaita abin da mai sayarwa ya gaya masa: sunan kifin beta, kada a haɗa shi da wani don mafaɗaci ne, a ba shi ƙwaya uku daga gwangwani safe da yamma, a kula da tsabtar ruwansa. Iya sanin Kawu ke nan. Inna ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Zuwaira, wanga kihi amanarki ne. In dai yana motsi, Babanki za shi ci." Na ɗauki maganar yadda ta faɗe ta, ban rage komai ba.

Kwana uku na farko sun yi mana daɗi. Na kifa tsohon turmi a rumfar na aza akwatin a kai, daidai idon Baba. Da safe kafin in ɗauki jakar lekol sai in ƙirga ƙwaya uku in saka masa. Kifin kuwa ɗan gata ne na gaske: zai zo ya zaga ƙwaya, ya ɗauka, ya tauna, ya tofar, ya tsaya yana kallonta tana nutsewa, sai a ta biyu ko ta uku ya ga damar haɗiyewa. Inna ta ce ba ta taɓa ganin kifi mai yanga ba, ta sa masa suna Baƙo. In ya hango inuwarsa a jikin gilashi sai ya kumbura kumatu zai yi faɗa, Baba kuwa ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga. Yaran unguwa suka yi ta sintiri, matan maƙwabta suna fakewa da aron rariya su leƙo. Surfe da shara da ɗebo ruwa a famfo duk a guje nake yin su don in dawo rumfa. A kwana ukun nan kwanon kunu bai koma madafa a cike ba.

Ran na huɗu da safe na tarar da kumfa a kusurwar akwatin, ƴan ƙanana farare manne da juna a saman ruwa. Sai da na girma na ji cewa kifin ne yake yin ta da bakinsa, sheƙarsa ce, kuma ba ya yin ta sai wurin ya yi masa daɗi. Amma ni ƴar bakin tabki ce, a wurinmu kumfa a gaɓa alamar ɓacin ruwa ce, inda ake wanki ko ake zubar da hanjin kifi. Sannan na tuna da irin ruwan da Kawu ya zuba, na bokitin wanke-wanke, sai kunya ta kama ni. A gidanmu ko mai tallan itace ya nemi ruwa ba a ba shi na bokiti. Akwai randar Inna a kusurwar ɗaki, rabinta binne cikin jiƙaƙƙen yashi, a rufe da faifai, ruwanta in ka kurɓa har haƙori yake riƙewa. Ita ce abin alfaharin Inna, da ita ake tarbar duk wanda ya yi sallama, don a wurinmu rashin mutunci ne a miƙa wa baƙo ruwa mai ɗumi. Ga shi mun sa wa kifi suna Baƙo, mun bar shi kwana uku a ruwan kwanuka.

Ni kuwa tun ina ƙarama akwai ni da wuce gona da iri, in aka ce in share ɗaki har bango sai na bi da tsintsiya. Na kamo kifin da moɗa, na juye ruwansa a gindin zogale, na goge gilashin da toka, na wanke tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya, na cika akwatin da ruwan randa na sassafe, ga ɗari ya fara shigowa. Ina cikin aikin Baba ya fara buga tabarma. Ya buga, ya yi gurnani, ya nuna moɗar da ke hannuna. Inna ta fito da sauri, ta ga inda yake nunawa ta ce, "Ƙishirwa shike ji, ba shi ruwa." Na cika moɗa na kai bakinsa, ya kaɗe ta har rigarsa ta jiƙe. Inna ta ce ciwon ne yake sa shi fushi, dama majo ya faɗa. Na saki kifin cikin sabon ruwansa garau, na tafi lekol ina jin na yi abin kirki.

Da na dawo da rana, Baƙo yana kwance kan tsakuwa, ya naɗe jela da fikafikai a jikinsa. Na saka ƙwaya, ko ɗagowa bai yi ba. Da yamma haka, washegari haka. Sai na yi lissafi irin na yara: tsabta aka ce, ya kuma ƙi ci, to tsabtar ce ba ta isa ba. Na koma canza ruwan kullum, daga baya har sau biyu a rana, kowane lokaci daga ƙasan randa inda ya fi sanyi. Kowane lokaci kuma Baba sai ya buga tabarma, mu kuma mu miƙa masa ruwa. Da ƙwayar gwangwani ta ƙi karɓuwa na shiga gwaji. Na ba shi dusa, wadda karfasa ke rububi a kanta. Na ba shi gutsuren tuwo, da garin ƙuli-ƙuli, da gwaiduwar ƙwai. Wata ƙawata ta ce kifin birni biskit zai so, ta kawo mini guda. Duk abin da na zuba sai ya nutse ya dagula ruwan, ni kuma in sake canzawa. Jan jikinsa ya koɗe, bakin jelarsa ya fara zagwanyewa. Inna takan tsaya a kansa ta ce, "Kihin tabki ko kashin shanu ya samu ci shike, kai mi kake so?"

Yadda kifin ya daina ci, haka Baba ya koma gidan jiya. Rabin kwano ya zama ludayi biyar, biyar ya zama biyu, biyu ya zama datse haƙora. A lekol jikina ne kawai a aji. Mushe, malaminmu, ya tashe ni in yi karatu, na miƙe na rasa layin da ake, aji ya fashe da dariya, ni ko haushi ban ji ba. In an fita hutu ƴan mata suna carafke a gindin dogonyaro, wasu suna tsallen igiya, ni ina zaune a dakali ina tunanin kwana nawa kifi yake iya yi bai ci ba. Addu'o'in da na iya duk na tofa su a ruwan akwatin. Ran Asabar na yi ƙarfin hali na gangara bakin tabki, inda abokan Baba ke ɗinkin koma a inuwa, na tambaye su abin da ake ba kifin da ya ƙi ci. Da farko dariya suka yi, wai yau ga ƴar masunci tana jinyar kifi. Da suka ga hawaye sai suka shiga ba ni shawara. Wani ya ce in sa gishiri, wani ya ce in kawo shi in saka a tabki in huta. Wani dattijo ya ajiye zarensa ya ce, "Ɗiyata, mu kamun kihi muka iya. Mai sanin halin kihi duk tabkin ga, Babanki ne. Da yana da baki, shi za ki tambaya." Na koma gida ina kuka tun daga gaɓa.

Baba bai daina ƙoƙari ba, mu ne muka kasa. Yana iya gyaɗa kai, yana iya girgizawa, amma sai an yi masa tambayar da ta dace, mu kuwa tambayoyinmu ba su wuce ƙishirwa da ciwo da ban ɗaki ba. In ya nuna inda rana ta faɗo a tsakar gida, sai mu kira maƙwabci mu ciccibe shi mu kai shi rana, ya yi ta gurnani har mu mayar da shi. Daga inda yake kwance ana hango akurkin kaji, kuma can ya fi yawan nunawa. Ranar da ya dage yana nuna can yana kai yatsu baki, Inna har da hamdala, ta ce nama yake marmari. Ta sa aka yanka zakaranta guda ɗaya, ta yi farfesu da citta da kanumfari, ƙamshi ya cika gida. Da ta kawo kwanon, Baba ya dube shi, ya dubi Inna, ya rufe ido, sai ga hawaye suna gangarowa cikin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Mu muka cinye zakaran, kuma ban tuna na ji daɗinsa ba.

Ran kwana na goma sha biyu da fara canjin ruwan, da safe, Inna tana goge masa jiki da ruwan ɗumi a baho. Na zo da bokitina cike da ruwan randa, wurin da na saba durƙusawa bahon ya tare, sai na zaga na durƙusa ta hagunsa. Ban ankara ba ya cafke mini wuyan hannu. Duk ramar da ya yi, hannun nan na jan koma ne. Na tsorata, na ɗauka dukana zai yi. Ya ja hannuna ya tsoma cikin bahon Inna, ya riƙe shi a ciki, ya nuna kifi da haɓa ya gyaɗa kai. Ya fitar ya tsoma cikin bokitina, sanyi ya ratsa ni har gwiwar hannu, ya girgiza kai da duk ƙarfinsa. Ɗumi, sanyi, ɗumi, sanyi. A karo na uku na ce, "Baba, sanyi shike ji?" Ya saki hannuna, ya kwanta da baya, ya sauke wani dogon numfashi. Inna ta zauna daɓas da tsumma a hannu ta ce, "Innalillahi. Mu da muke cewa girmama shi muke."

Ranar ban je lekol ba. Na zabura zan juye ruwan bahon cikin akwati, ya buga tabarma. Wannan karon na tsaya na dube shi da kyau. Ya nuna ludayi: a kwashe guda na sanyi, a zuba guda na ɗumi, a jira. In na yi gaggawa ya buga sau biyu, in lokaci ya yi ya buga sau ɗaya. Da hantsi ya sa na matsar da turmin bakin rumfa inda rana ke ɗan taɓawa. Sannan ya sake nuna akurki. Na je na riƙa ɗauko abin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, tsintsiya, kaskon dusa, tsohon takalmi, yana girgiza kai, har na kinkimo wata fasasshiyar tukunya da ruwa ya kwanta a cikinta ya yi kore. Ya tsoma yatsa ya nuna mini ƴan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da ke zama sauro. Sannan ya turo leɓensa na ƙasa sama, ya nuna kifi. Sai a lokacin na lura bakin Baƙo sama yake kallo. Abincinsa mai motsi ne a saman ruwa, ni kuwa kwana da kwanaki ina jefa masa abin da ke nutsewa. Baba bai taɓa ganin irin kifin ba, bakinsa kawai ya duba ya gane.

Wajen azahar kifin ya taso daga kan tsakuwa, da ƙyar, yana karkacewa. Na tato tsutsa guda da rariyar shayi, na ɗauraye na saka. Ta yi ta wutsilniya a gabansa. Ya tsaya, ya tsaya, har na fid da rai, sai ya yi wuf ya haɗiye. Na yi ihu har kaji suka watse. Ya ci ta biyu, ta uku ya bar ta. Inna ta ruga ta damo kunu, Baba ya shanye kwano guda. Kwana biyu muka yi a haka. Ni da Baba muka zama abokan aiki, shi ke ba da umarni da tabarma, ni ke aikatawa, idanunsa kuma suka dawo irin na mutumin da ke da abin yi. Na yi ta yawo bayan gidajen maƙwabta ina leƙa tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, mata suna tambayar Inna ko Zuwaira lafiya take.

Amma mun makara. Wani farin abu kamar auduga ya fito masa a gefen ciki, jelar ta ci gaba da zubewa. Ran na uku ya ƙi tsutsa. Na dubi Baba in ga abin da zai sa ni, hannunsa yana kan tabarma bai ɗaga ba. Na ce, "Baba, in ƙara ɗumi?" Ya girgiza kai. "In kai shi rana?" Ya girgiza. "To mi zan yi?" Ya dube ni kawai. Muka zauna tare muna kallo tun hantsi. Kifin yana yunƙurin tasowa ya shaƙi iska, ya kai rabi ya koma, ya sake yunƙura ya koma. Na sa ludayi na tallafo shi sama, ya buɗe baki sau biyu. Kafin la'asar ya daina motsi. A gidan da aka fafe kifi ba adadi, ba wanda ya san yadda za a yi da gawar wannan. Inna ta ce a jefa wa kaji, ta dubi fuskata ta fasa. Na haƙa rami da cokali a gindin zogale na binne shi.

Daga nan na koma bayan rumbu na zauna. A lissafina komai ya fito fili: ni na kashe kifi da ruwan da na ɗebo da hannuna, kuma na san abin da zai biyo baya. Tuwo ya zo na ƙi, koko da safe na ƙi. Inna ta lallashe ni, ta yi faɗa, ta ɗauko tsumagiya ta ajiye. Baba ma tun da kifin ya mutu bai buɗe baki ba. Washegari da rana ina ji daga bayan rumbu, Inna ta dire kwanon kunu a gabansa ta fashe da kuka. "Kai ka ƙi ci, ɗiyarka ta ƙi ci tun jiya, wai ita ta kashe ka. Ni da wa zan ji? Ku hwaɗa mani!" Can sai na ji bugun tabarma da ƙarfi, sannan Inna ta kira sunana.

Na zo na durƙusa, kaina a ƙasa. Akwatin yana nan kan turmi, ruwa da tsakuwa da ciyawar roba. Baba bai dube shi ba. Ya miƙa hannun hagu ya ɗauki ludayi da kansa. Hannun bai saba ba, ya ɗebo, rabi ya zube a tabarma, ya nufo bakina da sauran. Na buɗe baki don ban san yadda zan ƙi ba. Kunun gyaɗa ne, ya riga ya huce. Ya sake ɗebowa, ya tsaya yana kallon ludayin a hannun da bai taɓa ci da shi ba, leɓensa ya motsa da bisimilla, ya kai bakinsa ya sha. Na gaba nawa, na bayansa nasa. Kunu ya ɓata masa gemu, ya ɓata mini riga, Inna tana tsaye ta toshe baki da gefen zane. Haka muka yi har ludayi ya fara karo da ƙasan kwano.

Baba ya ga damina, ya ga wasu huɗu bayanta. Bai sake shiga kwale-kwale ba, bai sake furta kalma ba, amma ya ci abincinsa da hagu har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Kawu ya yi tayin kawo wani kifin, ba wanda ya karɓi tayin. Akwatin kuwa Inna ta mayar da shi mazubin busasshen tattasai.

Yau ina zaune a Maraɗi da ƴaƴana. A hanyar da nake bi zuwa aiki akwai shagon da ake sayar da irin kifin nan jere cikin kwalabe, da ɗan ƙarfen lantarki mai ɗumama ruwa, da abincinsu iri-iri. Bara ƴata ta nace, na saya mata guda. Kafin mu isa gida ta tambayi waya, ta karanto mini komai a cikin mota. Kifinta yana nan ya yi ƙiba, bai taɓa ƙin abinci ba, ina kuma taya ta murna da gaske. Amma in na tsaya kallonsa sai raina ya yi nauyi. Magana guda ta ɗauki Baba kwana goma sha biyu kafin ta iso gare ni, ita ma don na durƙusa ta gefen da hannunsa ke iya kai wa ne. Shekara biyar ya ƙara a rumfar nan yana kallonmu, yana nuni, mu kuma muna ta cinta, wani lokaci mu dace, sau da yawa mu kasa. Allah kaɗai ya san maganganu nawa ya tafi da su.